Nauyi ko Haske: Tsohuwar Gardamar Masu Yanka Lu'ulu'u

A shekarar 1665 aka ba wani ɗan kasuwar Faransa, Jean-Baptiste Tavernier, izinin ganin taskar Sarki Aurangzeb na Indiya. Aka riƙa miƙo masa duwatsun gidan sarauta ɗaya bayan ɗaya, yana dubawa yana aunawa. Babban cikinsu shi ne wanda daga baya aka sani da Great Mogul, lu'ulu'u mai siffar rabin ƙwai, mai nauyin karat 280. Labarin da aka ba shi a kan dutsen ya fi dutsen kansa tsaya mini a rai. Sa'ad da aka haƙo shi a yankin Golconda, ɗanyensa ya kai karat 787. Aka damƙa wa wani mutumin Venice, Hortensio Borgio, ya gyara. Shi kuwa ya kafa shi a kan faifai ya yi ta niƙa yana bin aibobin ciki, har kusan kashi biyu cikin uku na dutsen ya zama ƙura. Maimakon lada, sarkin lokacin ya ci shi tarar rupi 10,000, wato duk abin da ya mallaka.

Ni gwal nake sayarwa a Kano, sana'ar da na tarar a gidanmu, don haka fushin sarkin nan bai ba ni mamaki ba. Mu da sikeli muka tashi. Mace ta kawo sarƙa a gyara mata, giram nawa ta shigo da shi, giram nawa za ta fita da shi, ita ce maganar farko kuma ita ce ta ƙarshe. Amma gwal yana da afuwa: abin da magagari ya kankare ana share shi a narke, ya dawo. Garin lu'ulu'u ba ya komawa dutse. A 'yan shekarun nan masu sayen kayan lefe sun fara turo mini hotunan zobba daga Instagram idan zan tafi Dubai, kuma kusan duka dogayen duwatsu ne, masu siffar ƙwai ko ɗigon hawaye. Dole ta sa na koyi duba su. Da na bi diddigin sana'ar, sai na tarar gardamar da ta tsiyata Borgio ba ta mutu ba, tana nan ƙunshe a cikin kowane dutse da ba zagayayye ba.

Ba dutsen da ke cin lu'ulu'u sai ɗan'uwansa. Masu kyau daga cikinsu kan fito daga ƙasa da fuska takwas, kamar dala biyu da aka haɗa gindi da gindi, kuma masu sana'ar Turai na ƙarni na 14 ba su wuce goge waɗannan fuskoki yadda Allah Ya halicce su ba. A ƙarni na 15 suka fara niƙe tsinin sama ya zama fili, abin da har yau ake kira tebur. Kayan aikin shi ne faifan ƙarfe mai juyawa, a shafe da garin lu'ulu'u da aka kwaɓa da man zaitun. Ana danganta shi ga Lodewyk van Bercken, mutumin Bruges, wajen 1476, har birnin Antwerp ya kafa masa mutum-mutumi, ko da yake masana tarihi suna ja da labarin. Faifan dai yana nan har gobe, lantarki ne kawai ya karɓi aikin juya shi.

A wancan zamani dutse ne ke faɗa wa mai yanka siffar da za a yi. Dogo ya fito dogo, falele ya fito falele. Tavernier ya lura cewa idan masu yankan Indiya suka ga tabo, sai su rufe dutsen da ƙananan fuskoki barkatai don tabon ya ɓace wa ido, nauyi kuma ya tsira. Turawa sun daɗe suna kiran wannan rashin gwaninta. Ni ban yarda ba. Mutane ne da ke ganin babban lu'ulu'u abu ne da ba a samu sau biyu, don haka rage shi ɓarna ce. Ko a Turai, bayan an gano lu'ulu'u a Birazil wajen 1725 kaya suka yawaita, siffar da ta cika kasuwa mai kusurwa huɗu ce da aka dakushe gefunanta, irin wadda yanzu ake kira kushin. Dalili kuwa, da hannu ake goga dutse a jikin dutse don a fitar da da'ira, aiki mai cin lokaci da cin nauyi, ba kuma mai son ya yi fiye da abin da ya zama dole. Zagayayyen nan da muke ɗauka shi ne asali, daga baya ya shigo gidan.

Inda ra'ayoyin biyu, na nauyi da na haske, suka yi karo a bainar jama'a shi ne Landan. Bayan Ingila ta haɗiye Punjab a 1849, aka karɓe lu'ulu'un Koh-i-Noor daga hannun Sarki Duleep Singh, wanda yaro ne a lokacin, aka kai wa Sarauniya Victoria. A babban baje kolin 1851 aka ajiye shi cikin keji, jama'a suka yi dogon layi, suka leƙa, suka koma suna gunaguni: wannan ai gilashi ne. An kewaye shi da fitilun gas, bai canza zani ba. Yankan Indiya ne, karat 186, an yi shi don a ɗaura a damtse a ji girmansa, ba don ya yi walƙiya a bayan keji ba. Mijin sarauniya, Yarima Albert, ya sa aka ɗauko masu yanka daga kamfanin Coster na Amsterdam, aka kafa musu injin tururi, a 1852 suka yi kwana 38 a kansa. Ya fito mai siffar ƙwai, karat 105 da ɗoriya.

Abin da ke ba ni takaici shi ne an zubar da fiye da kashi 40 cikin ɗari na dutsen, kuma ba a samu abin da aka je nema ba. A dubi awonsa na yau: tsawo santimita 3.6, faɗi 3.2, kauri 1.3. Kaurin nan wajen kashi 40 cikin ɗari na faɗin ne kawai, alhali mai siffar ƙwai da ake yankawa yanzu yakan kai wajen kashi 60. Haske yana shiga lu'ulu'u ta tebur, ya bugi fuskokin ƙasa. Idan ya same su a karkacen da ya dace, sai su maido shi kamar madubi, ya bugi ɗaya gefen, ya fito ta sama zuwa idon mai kallo. Idan cikin dutsen ya yi falele, hasken ya zurare ta ƙasa, a ga fatar yatsa ta cikinsa. Idan ya yi zurfi da yawa, ya fice ta gefe, tsakiya ta yi duhu. Masu yankan Coster sun san haka, amma da sun bi karkacen da ya dace, da abin da zai rage bai isa a nuna wa sarauniya ba. Suka tsaya a tsakiya, ba nauyin ba hasken.

Wanda ya fara tsayawa kai da fata a kan haske shi ne Henry Morse na Boston a Amurka, wanda ya buɗe wurin yanka wajen 1860 ya riƙa auna kusurwoyi maimakon kirdado. A shekarun 1870 shugaban ma'aikatansa, Charles Field, ya ƙera injin da ke juya dutse a jikin dutse har ya fitar da cikakkiyar da'ira. Wajen 1900 zarton inji ya zo, aka iya raba dutse mai fuska takwas gida biyu a yanka kowanne, maimakon a niƙe kan ya tafi a banza. Sai a 1919 wani matashi ɗan gidan masu yanka na Antwerp, Marcel Tolkowsky, ya wallafa littafinsa Diamond Design a Landan, ya bi hanyar haske da lissafi ya fitar da lambobi: tebur kashi 53 cikin ɗari na faɗi, karkacen sama digiri 34.5, na ƙasa digiri 40.75. Daga nan zagayayye mai fuska 58 ya samu ma'auni, ya mamaye kasuwa, duk sauran siffofi aka tattara su a gefe guda a matsayin na marmari.

A shekarar nan ta 1919 aka gano lu'ulu'u a kwarin kogin Birim a ƙasar da ta zama Gana, kuma mutanenmu na zangon Akwatia sun shekara da shekaru suna haƙa suna saye. Sun san ɗanyen dutse a tafin hannu sarai. Abin da bai taɓa zuwa hannunmu ba shi ne faifan, kuma a kan faifan ake yanke yawancin hukuncin da ke sa dutse ya yi daraja.

Lissafin Tolkowsky ya yi aiki ne saboda da'ira ko ta ina ɗaya ce: daga tsakiya zuwa baki nisa guda ne, don haka karkace guda ya wadatar. Da zarar an ja dutse ya yi tsawo, magana ta canza. Tsinin ƙasa zurfinsa ɗaya ne, amma ta faɗi gangaren yana da tsauri, ta tsawo kuma yana kwance. Ba yadda za a yi a gamsar da duka biyun. Wannan ne ke haifar da baƙar inuwar nan mai kama da malam-buɗe-littafi da ke gicciye a tsakiyar dogayen duwatsu. Ba datti ba ne, ba tabo ba ne. Fuskokin wurin suna ɗauko hoton kan mai kallo ne maimakon hasken ɗaki. Gwani yana iya rage ta har ta zama ɗan duhu mai motsi da ke ƙara wa dutse rai, amma ba ya kashe ta gaba ɗaya, kuma ba wata lamba a takarda da za ta faɗa maka yadda take.

To me ya sa ba a daina yanka dogaye ba? Amsar tana Amsterdam, a 1908. Lu'ulu'un Cullinan, wanda aka tsinta a mahaƙar Premier ta Afirka ta Kudu ranar 26 ga Janairu 1905, karat 3,106 ne, ba a taɓa samun ɗanyen lu'ulu'un ado kamarsa ba. Gwamnatin Transvaal, inda mahaƙar take, ta saye shi ta ba Sarki Edward na Bakwai na Ingila, shi kuma ya miƙa wa gidan Asscher, masu yanka na Amsterdam. Joseph Asscher ya daɗe yana nazarin jijiyarsa, domin lu'ulu'u duk taurinsa yana tsagewa idan aka bi jijiya, yana kuma iya tarwatsewa idan aka kuskure. Aka kankare ɗan rami, ya kafa wuƙar ƙarfe, ya buga. Wuƙar ce ta karye. Da aka sake da wata, dutsen ya rabu daidai ta inda aka so, ta cikin wani baƙin tabo da ake neman a rabu da shi. Masu gogewa uku suka shafe wata takwas suna aiki.

Manyan duwatsu tara suka fita, da ƙanana 96. A cikin taran nan akwai masu siffar ɗigon hawaye uku, akwai kushin, akwai markis biyu masu tsini gaba da baya, akwai mai siffar zuciya. Babu zagayayye ko ɗaya. Kowane guntu an ba shi siffar da jikinsa zai iya ɗauka, kuma duk da haka kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ya tafi, kamar dai na Borgio, sai dai wannan karon ba wanda aka ci tara. Babbansu, mai karat 530 da ke kan sandar sarautar Ingila, tsawonsa milimita 58.9 ne, faɗinsa 45.4. Raba tsawon da faɗin, ka samu 1.3. Jadawalin da 'yan kasuwa ke yawo da shi yau yana cewa ɗigon hawaye mai kyau ya faɗa tsakanin 1.5 da 1.75. Ke nan da jadawali za a bi, da ɗaya daga cikin duwatsun da suka fi shahara a duniya ya faɗi jarrabawa, an ce ya cika ƙiba. Duk sa'ad da wani ya buɗe mini waya yana nuna mini cewa dutse bai shiga lamba ba, wannan lissafin nake yi masa.

Shi Joseph Asscher ɗin tun 1902 ya fitar da yankan da ke ɗauke da sunan gidansu, murabba'i mai yankakkun kusurwoyi, fuskokinsa a jere kamar matakala. Shi da ɗan'uwansa dogo, yankan zumurrudu, ba su da ƙyalƙyali irin na zagayayye. Faffadan haske suke bayarwa, kana leƙa cikinsu har ƙasa, don haka ba sa rufa wa tabo asiri ko kaɗan. Markis kuwa ana cewa Sarki Louis na 15 na Faransa ne ya sa aka yanka shi da siffar leɓen Madame de Pompadour, labari mai daɗi da ba shi da hujja. Mai siffar ƙwai na zamani Lazare Kaplan ne ya daidaita shi a New York a ƙarshen shekarun 1950. Henry Grossbard ya fito da yankan radiyan a 1977. Jim kaɗan yankan firinses ya biyo baya, kuma shi sirrinsa a fili yake: rabin dutse mai fuska takwas dama dala ce a kife, sai gyara kaɗan, don haka abin da ake asara bai kai na zagayayye ba, wanda yakan cinye rabin ɗanyen ko fiye. Abin da ya sa karat ɗaya na yawancin siffofin nan ya fi na zagayayye sauƙin kuɗi ke nan.

Da cibiyar GIA ta Amurka, wadda satifiket ɗinta ya fi kowanne karɓuwa a kasuwa, ta fara ba da maki a kan ingancin yanka a 2006, zagayayye kaɗai ta ba. Sauran ta rubuta musu nauyi, launi, tsabta, gogewa, daidaito da awon milimita, ta bar hukuncin ga mai saye. Lambobin da ake yawo da su, ƙwai tsakanin 1.35 da 1.5, zumurrudu wajen 1.4, markis wajen 2, zuciya kusan 1, ɗanɗanon kasuwa ne da ya taru a hankali. Suna da amfani, domin idan markis ya wuce kima a tsawo tsininsa kan yi rauni, launin rawaya ya taru a can, idan kuma ɗigon hawaye ya gajarce da yawa sai ya rasa wuya ya koma dunƙule. Amma ba doka ba ne.

Wata Hajiya da muka daɗe muna ciniki ta same ni a Dubai tana neman zoben 'yarta. Muka hau wani ƙaramin ofis a saman kasuwar gwal, mai kantin, Ba'indiye, ya warware takardu biyu ya ɗora duwatsu biyu masu siffar ƙwai a kan farin kwali da hantsaki. Kowanne karat ɗaya, launi ɗaya, tsabta ɗaya. Ɗaya ya fi araha sosai.

"Alhaji, ai karat ɗaya karat ɗaya ne," in ji ta. "A naɗe mini wannan."

Na ce, "Hajiya, miƙo hannunki tukuna."

Na sa ta haɗe yatsu, muka jera su a bayan hannunta, a kwarin da ke tsakanin yatsa da yatsa, muka matsa bakin taga, nesa da fitilun kanti waɗanda ko ƙwalba suka haska sai ta yi ƙyalli. Mai tsadar milimita 7.9 ne a 5.6. Mai arahar 7.1 a 5.4. Da na juya shi ta gefe da hantsaki sai ga inda nauyin ya ɓuya: ɗamarar da ke kewaye da shi kauri gare ta, cikinsa kuma ya kumbura kamar tulu. Duk wannan zai nutse ne cikin gwal, ba mai ganinsa. Ta sama kuma baƙar inuwar ta kwanta daga gefe zuwa gefe, ko ta motsa hannu ba ta gusawa. Ta yi shiru tana jujjuya hannun, can ta ce, "Lallai araha ba ta ado."

Amma mai tsadar ma ba shi ta ɗauka ba. Ta ce yarinyar siririya ce, yatsunta dogaye, dogon dutse zai ƙara ja mata hannu. Ta sa aka fito da wasu, ta zaɓi wani mai ɗan faɗi, wanda tsawonsa bai fi faɗinsa da kashi ɗaya cikin uku ba, kafaɗunsa a zagaye sumul, ba kumburi a ciki. Mai kantin ya so ya nuna mata cewa dogaye ake yayi. Ta ce ita 'yarta ta sani, ba yayi ba. Ban sa baki ba, don ta fi mu gaskiya. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a wannan fanni na sana'ar har yau ba a ƙera mudun da kowa ya yarda da shi ba.

Mai arahar da ta ƙi kuwa ba kuskure ne ya haife shi ba, yadda ake sana'ar yanzu ne. Amsterdam ta rasa sana'ar a Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da 'yan Nazi suka kwashe Yahudawan da su ne ƙashin bayanta, ciki har da yawancin ma'aikatan gidan Asscher. Antwerp ta riƙe ciniki a 'yan titunan da ke gefen tashar jirgin ƙasa, amma faifan ya koma inda labarin ya faro. Yau wajen tara cikin goma na lu'ulu'un duniya a Surat ta jihar Gujarat a Indiya ake yanka su. A can na'ura ce ke leƙa cikin ɗanyen dutse ta zana taswirar kowane tabo, kwamfuta ta jero zaɓi a allo, zagayayye ɗaya da ƙarami, ko ƙwai guda, ko ɗigon hawaye biyu, kowanne da kuɗin da zai kawo, sannan a yanka da hasken leza. Aikin da Asscher ya daɗe yana yi da ido ya koma na ɗan lokaci kaɗan.

Sai dai farashin lu'ulu'u tsalle yake yi a kan cikakkun lambobi. Dutse mai karat 0.95 da mai 1.00 ido ba ya raba su, amma kuɗinsu ba kusa ba. Don haka idan allo ya nuna wa mai kaya cewa yanka mai kyau zai tsaya a 0.93, wanda aka bar wa ɗamara da tumbi kuma zai taɓa 1.00, ba kowa ke da zuciyar Morse ba. A zagayayye makin satifiket yakan tona wannan. A dogayen siffofi an fi samun wurin ɓuya, ga kuma masu saye irinmu da suka saba tambayar nauyi kafin komai. Irin waɗannan duwatsu su suka fi yawa a tiren da ake fara miƙo wa baƙo a kantunan da nake shiga, shi ya sa nakan karanta milimita kafin karat, in juya dutsen ta gefe, sannan in ce a kawo tire na biyu.